Bakatsinen da Ya Ɗauki Adakar Surukina

A Bagudo, duk wanda aka gani yana loda buhunan shinkafa a mota, kallon farko da ake yi masa na ɗan fasa-ƙwauri ne. Ban ga laifin masu kallon ba. Iyakar Benin ga ta nan a bayan gidanmu, kuma kowa ya san abin da babura ke shigowa da shi ta hanyoyin daji. Shi ya sa tun ranar da na yi wa ɗan kamfanina rajista nake tafiya da kafaɗa a sama. Shinkafata ta fadamar Kaoje ce. Shanshera nake saye da ɓawonta daga hannun manoma, mata su turara, a shanya, a kai inji, a zuba a buhu mai tambarin kamfani. In an tare motata a shinge ba na lallashi, ba na sosa ƙeya. Takarda nake miƙawa, in tsaya ina kallon mutum yana karantawa. Kamfanin bai wuce inji ɗaya da filin shanya da sito ba, amma nawa ne, kuma na halal ne.

Akantan kamfanin kuwa surukina ne, mahaifin mai ɗakina. A baitulmalin ƙaramar hukuma ya yi aiki har ya yi ritaya ya koma gidansa na Matsinkai, inda babba da yaro ke ce masa Ma'aji. Shi ya fara ba da shawarar a yi rajistar, ta bakin wani ƙanensa, don ba zai faɗa mini kai tsaye ba. Shi ya yi ta zirga-zirgar Birnin Kebbi har takarda ta fito, aka sa sunansa a matsayin sakataren kamfani. Takardar rajista ta asali da hatimin kamfani da duk wani abu mai muhimmanci suna cikin wata koriyar adaka ta ƙarfe a ɗakinsa. Ni kwafi kawai nake yawo da shi. Ƙarshen kowace shekara mai ɗakina takan tattara rasidai ta ƙulle a leda, in za ta je ganin gida ta kai masa. Shi zai yi lissafi, ya kai wa wani abokinsa a Birnin Kebbi ya duba ya buga hatimin akanta, a miƙa wa hukumar da ke kula da rajistar kamfanoni. Haka muka tsara, haka kuma na ɗauka ana yi.

Wani zai ce me ya hana ni tambaya. Wanda zai faɗi haka bai auri 'yar mutane ba. Tun da aka ɗaura mini aure ban taɓa cin abinci a gaban mutumin nan ba, ban taɓa kiran sunansa ba, ko mai irin sunansa na haɗu da shi sai in laƙaba masa wani. In na je Matsinkai tun daga nesa nake tuɓe takalmi, in tsuguna a bakin zaure, mu gaisa kowa yana kallon wani wuri. Gaisuwar ma ba ta wuce lafiyar gida da ruwan bana. To da wane bakin zan ce, Baba, ka kai takardun bana kuwa? Wannan ba tambaya ba ce, tuhuma ce. Ban yi ba, kuma ko yau aka maido ni baya ba zan yi ba.

Abin ya fito fili ne lokacin da wani babban ɗan kasuwa na Birnin Kebbi, mai kai shinkafa kantunan kudu, ya ɗanɗani tamu ya ce ta yi masa. Ya ce duk abin da injina ya fitar a rani yana so. Irin cinikin da mutum yake roƙo a sujada ke nan. Na je ofishinsa da sabuwar hula don a sa hannu, sai manajansa ya juyo mini da fuskar wayarsa.

"Alhaji, kamfaninka ai barci shikai," ya ce.

Na ce wane irin barci, inji yana ta ruri tun safe?

Ya nuna mini sunan kamfanina a shafin hukuma, da wata kalma a gefensa mai nuna ba ya aiki. Ya ce shekaru ke nan ba a kai bayanin lissafin shekara ba, in aka ci gaba a haka ma ana iya soke sunan baki ɗaya. Mai gidansa ba ya hulɗa da mai irin wannan tabo, musamman mai shinkafa daga bakin iyaka. Amma ya yi mini adalci, ya ce in na gyara kafin shansherar rani ta fito, maganarmu tana nan. In ban gyara ba, masu inji suna da yawa.

Na fito ina jin hular nan ta yi mini nauyi. Ni da nake tsayawa a shinge ina hura hanci, ashe takardar da nake miƙawa ta kamfani mai barci ce. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma abin da ya fi ƙona ni shi ne ba ni da wanda zan sauke wa.

Da na koma gida na zayyana wa mai ɗakina komai. Ban ga mamaki a fuskarta ba. Ta ajiye tankaɗen da take yi, ta kakkaɓe hannu.

"Ni na daɗe da lura," ta ce. "Baba bai gani sosai yanzu, wata yana ce ta ruhe mai ido. Da murya shika gane mutane. Kuma abokin nan nashi mai buga hatimi ya rasu tun tuni. An ce aikin ma dut ya koma cikin kwamfuta."

"To mi yah hana shi hwaɗa mani?"

"Abin da yah hana ka tambayatai."

Nan ta gama da ni. Can na ce to ita ta je ta yi masa magana, ai mahaifinta ne.

"Ni? Ɗiyar hwari? Mutumin da ko sunana bai taɓa kira ba, shi zan zamna gabanai in ce Baba ka kasa?" Ta ɗauki rariyarta, ta sake ajiyewa. "Maigida, kamfani naka na, ka yi yadda kag ga dama da shi. Abu guda nika roƙonka. Kada ka bari a ce Ma'aji ya kasa."

Nan fa aikin yake. Sabon akanta dole ne, wannan ba gardama. Amma sabon akanta ba zai iya komai ba sai da abin da ke cikin adakar nan, kuma sai surukina ya sa hannu a matsayinsa na sakatare. Ba hanyar da za a bi a zagaye shi. Na yi tunanin in aika liman ko wani dattijo, sai na ga aika dattijo ai kai ƙara ne da wani suna. Kafin la'asar duk Matsinkai ta ji cewa surukin Ma'aji ya ƙwace masa aiki don ya makance. Mutumin da abin da ya rage masa a duniya shi ne a ce har yanzu shi ke riƙe da lissafin kamfani, in an zo majalisa a tambaye shi farashin shinkafa ya yi gyaran murya kafin ya amsa.

Na fara neman akanta ba tare da na san yadda zan yi da ɗaya matsalar ba. Na farko a nan Bagudo ne, mai shagon kwamfuta kusa da tasha. Mutumin kirki, ya ce shi zai iya shigar da komai a shafin hukuma, amma ba shi da hatimin akanta, kuma ba zai yi mini ƙarya ba. Na gode masa na wuce. Na biyu a Birnin Kebbi, ofis mai sanyi har sai da na ji haƙorana suna haɗuwa, takardun shaida jere a bango. Ya saurare ni yana danna waya. Da na kai ƙarshe ya ce wannan ai mai sauƙi ne, a rubuta wa tsohon takardar sallama, a cire sunansa daga rajista, in ya ƙi ba da takardu a sa lauya ya rubuta masa.

Na ce, "Lauya? Ga uban matata?"

Ya ce harkar kamfani ba ta san suruki ba.

Na miƙe na gyara rigata. Na ce masa in haka yake yi da iyayen matarsa, Allah ya ba shi sa'a, ni kam a gidanmu ba a koya mini ba. Ya san aikinsa, ban musa ba, amma ko kyauta zai yi mini ba na so.

Na ukun wani dillalin taki ne ya yi mini kwatancensa, ya ce shi ke riƙe masa lissafi kuma bai taɓa samun matsala ba. Ofishinsa a saman wani kantin taya yake, a hau wani siririn bene. Na same shi, ƙaton mutum mai tumbi, yana ɓare gyaɗa a kan teburi. Na yi sallama. Ya ɗago ya dubi tsagar da ke fuskata, sai ya ture gyaɗar gefe.

"Kai! Wa ya bar Bakabe ya hau bene? Tsaya nan, wanke hannunka tukuna, kar ka sa mani ƙarnin kihi a takardu."

Da ma a cike nake. Na buɗe baki zan yi masa wankin babban bargo, sai kunnena ya kama harshen. Bakatsine ne. Dariya ta kuɓuce mini, irin wadda rabona da ita tun ranar da aka nuna mini wayar nan. Na ce masa bawa ba ya hana ubangidansa shiga ɗaki, ya tashi ya ba ni kujerar. Ya ce Kabawa sun samu sake, har da su kamfani. Muka yi ta yi kamar mun shekara da sanin juna. Tsakanin Bakabe da Bakatsine ba a fushi. Abin da wani zai faɗa maka ku kai ga alƙali, shi zai faɗa maka a tsakiyar kasuwa ka yi dariya ka rama, haka muka taras kakanni suna yi.

Ina cikin dariyar ne abin ya faɗo mini a rai. Na dubi mutumin nan da kyau. Surukina Bakabe ne na gidi, tsagarsa ta fi tawa fitowa. A duk faɗin ƙasar nan, in akwai mai iya duban tsabar idonsa ya ce masa ya kasa, maganar ta wuce a wasa ba tare da ta zama cin fuska ba, to ga shi zaune a gabana yana cin gyaɗa.

Ban yi gaggawa ba. Na duba takardar shaidarsa, na tambayi masu kantin ƙasa halinsa, na koma wurin dillalin taki na sake tambaya. Da na gamsu na dawo na faɗa masa komai, har da maganar mai ɗakina. Sai na ga ya daina wasa. Ya daɗe yana murza ɓawon gyaɗa a yatsa.

"Ka san wasa wasa ne," ya ce, "amma tsoho zai ji zahi ko da ya yi dariya."

Na ce na sani. Zafin da zai ji a zaure shi kaɗai ya fi wanda zai ji a bakin mutanen gari.

"To zan hwaɗa mashi. Amma da sharaɗi. Ko mi ka ji na ce, kar ka sa baki. In ka ba shi haƙuri ka ɓata komi, ya zama kai ka aiko ni."

Muka sa rana. Ya zo da motarsa Bagudo cikin farar shadda da hula mai tsada, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Muka kama hanyar Matsinkai da hantsi. Lungun gidan surukina mota ba ta shiga, sai muka bar ta a bakin kasuwa muka taka. Na tuɓe takalmina inda na saba, na tsuguna a bakin zaure daga waje. Shi kuwa ya kutsa kai da sallama kamar gidan ubansa.

Surukina yana zaune a kan buzu da carbi. Ya amsa sallamar, ya karkata kunne.

"Wanga halshe na Katsina na. Wa yak kawo mani bawa da sahe haka?"

"Bawa ko ubangida? Tashi ka ba ni buzun, tsoho, ka koma ƙasa inda ka saba."

Na ji surukina ya yi wata dariya da ban taɓa sanin yana da ita ba. Shekara da shekaru ina zuwa gidan nan, ban taɓa ganin haƙoransa a waje ba sai ranar. Na gaishe shi daga inda nake, ya amsa mini a taƙaice kamar kullum, ya koma kan baƙonsa. Suka yi ta jifan juna. Surukina ya ce Katsinawa ba su san ruwa ba sai na buta. Bakatsine ya ce Kabawa in an raba su da kifi sai su yi ta kuka kamar an yi musu mutuwa. Aka kawo fura, Bakatsine ya sha ya ce ba laifi, bayi sun fara koyon dama. Ni ina waje, gumi yana bin bayana, don na san inda aka nufa.

Sai ya ajiye ludayi.

"To ni ba hura ta kawo ni ba. Aikinka na zo karɓa. Shekaru ke nan ba ka kai takardun kamfanin nan ba, har an rubuta yana barci, ciniki na shirin kuɓucewa. Idonka ya yi yana, aikin ya koma kwamfuta, kai kuwa Bakabe in ba homa da goran kamun kihi ba mi ka sani? Ba ni adakar in gyara ɓarnar da ka yi."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Bakina ya buɗe da kansa zai ce Baba a yi haƙuri, na tuna sharaɗi, na cije leɓe. Ina jin ƙarar carbin yana tafiya ɗaya bayan ɗaya, sai kuma ya tsaya. A raina na ce shi ke nan, na kashe kamfani, na kuma kashe aurena.

"Ka ƙare?" in ji surukina.

"Na ƙare."

"To ai na daɗe ina roƙon Allah shi kawo mani bara da za shi ɗaukam mani kayan ga. Sun ishe ni." Muryarsa ta ɗan yi rawa a nan, ni da ke waje na ji, kuma na san wannan kalmar ba ta cikin wasan. Ya yi gyaran murya ya ci gaba. "Ban san Bakatsine za shi aiko ba, amma abin da yab ba ni na karɓa. Sai dai adakata ba ta hita gidan ga a hannu. Bisa kai za ka ɗauke ta, kamar yadda kakanninka sunka yi ma namu, har inda kab bar motarka."

Bakatsine ya dubi farar shaddarsa. Ya ce wannan zalunci ne irin na Kabawa. Surukina ya ce in bai iya ba ya koma Katsina ya aiko wanda ya fi shi ƙarfi.

Wallahi ya ɗauka. Aka fito da adakar, duk ta yi tsatsa a gindi, ya cire hularsa mai tsada ya naɗe wani tsumma ya yi gammo, na taya shi ya aza. Ya shiga gaba yana nishi, surukina na biye da sandarsa, don lungunan garinsu ko ido rufe ya san su. Ni ina can baya nesa, kamar ba tare muke ba. Duk majalisar da muka wuce sai surukina ya tsaya.

"Ku ga baran da nis samu! Daga Katsina yaz zo neman aiki, na ce bari in gwada shi da dako."

Mutane suka yi ta shewa. Bakatsine yana ƙarƙashin adaka yana cewa su yi dariya da kyau, dukiyar Kabawa yake kwashewa da rana tsaka. Mata suna leƙe ta kan katanga. Mai nama ya bar tukubarsa ya biyo mu. Kafin mu kai mota labari ya gama gari, cewa Ma'aji aiki ya yi masa yawa har ya ɗauki yaron ofis, Bakatsine ma kuwa. Ba wanda ya ce ya kasa. Na tsaya a bakin kasuwar nan ina kallon tsatsa ta ɓata kafaɗar farar shadda, ina jin wani irin daɗi da alfahari da ban san inda zan sa su ba.

A ofis muka buɗe adakar. Rasidan shekarun farko kowanne a ɗaure da zare, da rubutun surukina mai kyau a kai. Na baya-bayan nan kuwa ledojin nan ne yadda aka kai su, ƙullin mai ɗakina ko kwancewa ba a yi ba. Kowace shekara yana karɓa, ya sa albarka, ya ajiye. Na tashi na koma bakin taga ina kallon masu taya. Bakatsine bai yi wasa a nan ba, ya ce in je in sha iska, zai kira ni.

Ya yi aiki, ba zan rage masa ba. Ya bi ledojin nan ɗaya bayan ɗaya, yana kirana a waya yana tambaya. Wannan dusar da aka sayar wa Dandawan ƙetaren iyaka da kuɗin sefa, a wane canji aka karɓa? Wannan gyaran inji na shekarar ambaliya ne ko na bayanta? Wani lokaci in sani, wani lokaci sai mai ɗakina ta tuna. In ya ga na fara gajiya sai ya ce ai ya san kan Bakabe ba ya ɗaukar lissafi, in je in ci kifi in dawo. Da ya zo maganar sakatare ya tambaye ni wa za a sa. Na ce akwai dokar da ta hana a bar sunan da ke nan? Ya ce babu, muddin zai sa hannu. Na ce to a bar shi. Shi ya koma Matsinkai da takardun, ya karanta wa surukina su da ƙarfi, yana cewa ya san Kabawa ba su iya karatu ba. Sannan ya ɗora masa bakin biro daidai inda zai sa hannu, yana ta surutu don kada a lura.

An ci mu tara saboda jinkiri, na biya ban yi ƙorafi ba. Shanshera ta fara fitowa a Kaoje, manoma suna ta kirana, ni kuwa kullum ina duba waya. Wata safiya ina filin shanya sai ga kiran Bakatsine, ya ce in duba, kamfanin bawansa ya farka. Na duba na ga kalmar ta canza. Ban san lokacin da na ɗaga wayar sama ina nuna wa matan da ke turara ba, su da ba ruwansu da abin da ke ciki. A makon muka sa hannu da ɗan kasuwar. Ranar da motar farko ta tashi aka tare ta a shinge kamar kullum, na miƙa takarda na tsaya ina kallon mutum yana karantawa.

Da komai ya lafa, Bakatsine ya ce a maida adaka. Na ce ai takardun yanzu a wurinsa ya kamata su zauna. Ya ce na aiki suna wurinsa, amma takardar asali da hatimi na sakatare ne, kuma sakatare yana Matsinkai. Wannan karon da tsohuwar riga ya zo, ya yi wayo. Surukina ya aiko cewa yadda ta fita haka za ta dawo, don haka ya sake azawa a ka tun daga bakin kasuwa, mutane suna ta yi masa barka da dako.

Na tsuguna a wurina na bakin zaure. Suka yi wasansu suka gaji. Surukina ya sa aka kawo ƙullin busasshen kifi ya ce ladan bara ne, Bakatsine ya ce haraji ne bawa ya biya. Ya miƙe zai fito, sai surukina ya ce ya dakata.

"Kai Bakatsine, in ka hita akwai wani nan waje. Ka hwaɗa mai idona ya mutu, amma ba wauta gare ni ba. Na san abin da yas sa ya tsallake akantocin Kabi dut yad ɗauko ka." Ya ja carbinsa. "Ka ce mai ranar da nib ba shi ɗiya, ban yi kuskure ba."

Tsakanina da shi bai fi a miƙa hannu ba, kuma ya san ina ji. Amma ba da ni yake magana ba, don haka ban amsa ba. Na sunkuyar da kai ina kallon ƙasa, idona ya cika.

Bakatsine ya fito da kifinsa a hannu, ya tsaya a kaina. Na jira ya yi tsiyar da ya saba, bai yi ba. Ya maimaita mini saƙon kalma da kalma, kamar ban ji ba, ni kuma na saurara kamar ban ji ba.

Na ce, "Ka ce ma Baba na gode."

Ya juya ya koma cikin zauren ya faɗa masa.